Kwalaben Dakta Sirajo

Ranar Talata, 17 ga Shawwal 1446, wadda ta yi daidai da 15 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran abokina Dakta Sirajo Hayatu, masanin abinci da lafiyar jiki, ɗan Unguwar Rogo a nan birnin Sakkwato. Da hantsi ya faɗi a bakin ƙofar ofishinsa, makulli na hannunsa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce zuciya ce. Bayan la'asar muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa cikin zafin nan na bazara da mutum ke jin ƙasa tana ƙona shi ta cikin takalmi. Na Allah muke, wurinsa kuma duk za mu tattara mu koma. Na faɗi haka sau ba adadi tun daga ranar, na kuma yi imani da shi, amma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, har yanzu raina bai kwanta ba.

Sirajo, na jinkirta wannan rubutu ne don na so in zo maka da labari mai daɗi. Na so in ce maka aikin da ka bari yana nan da ransa, mun tsare maka shi. Makonni na yi ina fafutukar abu ɗaya, wato in ceto irin nan da ka yi shekaru kana reno a cikin kwalabe, wanda bincikenka duka ya rataya a kansa. Zan gaya maka yadda aka ƙare. Amma bari in fara faɗa wa waɗanda ba su san ka ba ko wane ne kai.

Tare muka tashi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da naku, makarantar allo ɗaya muka yi, benci ɗaya muka zauna a firamare. Gidanku gidan mai ne tun kaka da kakanni. Mahaifinka, Alhaji Hayatu, yana da rumfar man gyaɗa a kasuwa, matan gidan kuma kullum suna cikin suyar gyaɗa da matsar tunkuza. Komai wankin da aka yi wa rigarka ta makaranta, ƙanshin ƙuliƙuli ba ya barinta, har muka laƙaba maka Na-Tunkuza. Ka yi ta dambe da mu a kan sunan nan, da ka gaji ka koma amsawa. Ko bayan ka zama Dakta, in na kira ka da shi a gaban ɗalibanka sai ka harare ni tukuna, sannan ka amsa.

Muna sakandare mahaifinka ya rasu. Yana cikin auna wa wata mata mai ya dafe ƙirji ya zauna, shi ke nan. Ba a daɗe ba ƙanensa ya bi shi ta irin wannan hanya. Mutane suka ce ajali ne, kai ma ka ce ajali ne, sai dai ka ƙara da cewa ajali yana zuwa da sababi, kuma neman sanin sababin ba saɓo ba ne. Wannan magana ita ta fitar da kai daga rumfar da kowa ya zaci za ka gada, ta kai ka jami'a, ta kai ka ƙasashen waje, ta kuma dawo da kai Sakkwato a lokacin da duk mai hankali ya ce ka yi zamanka can. Ni ma ina cikin masu hankalin. Na ce maka garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa ba wurin bincike ba ne. Ka ce ai masu faɗuwa suna dafe ƙirji a nan ka baro su, ba can ba.

Tambayarka ta farko a kan man suya take. Ba wanda ke cikin jarka a rumfar yayanka Alhaji Lawwali ba, a'a, wanda ya wuni ya kwana a kasko, aka soya ƙosai da safe, awara da rana, kifi da yamma, gobe a ƙara sabo a kansa a ci gaba, har ya koma baƙi ƙirin yana kumfa. Ka so ka san abin da wutar ke mayar da shi, da abin da yake yi wa jijiyoyin mai cinsa shekara da shekaru. Haka ka riƙa bin masu suya daga Unguwar Rogo har Sama Road a kan tsohon babur ɗinka, da ƙananan kwalabe a jaka. Ba ka taɓa karɓar man kowa a banza ba. Ka ɗebi baƙi, ka mayar da sabo, sabon nan kuwa daga rumfar Alhaji Lawwali kake ɗibarsa, shi yana ta faɗan cewa ƙanensa ya yi karatu ne don ya zo ya kashe sana'ar gidansu. Yana faɗan, yana kuma cika maka jarka.

Ina tare da kai ranar da Hafsatu mai ƙosai ta bakin masallacinmu ta tsare ka. Ta saurari bayaninka har ƙarshe, matsamin ƙosai na hannunta, sannan ta ce, "Dakta, kai dai ka hwaɗi gaskiya. In na zubda man ga, mi ɗiyana za su ci?"

Na zaci za ka kawo mata dogon Turanci. Sai ka ce, "Ba ni da amsa, Hajiya. Ita nike biɗa."

Daga ranar ban ƙara jin ka ce wa mai suya ta zubar da mai ba. Sai dai ka ce ta rage wuta kada ya riƙa hayaƙi, ta tace shi ta fitar da ƙonannen gari, ta rufe shi daga rana. Ka san ba su ne maganin abin ba, ka kuma faɗa mini haka, amma ka ce wa'azin da mutum ba zai iya bi ba cin fuska ne.

Ni kaina na sha wuyarka. Ni mutum ne mai son masa da man shanu yana kwaranya, ban kuma ga abin kunya a ciki ba. In aka kawo mana abinci a wurin biki, sai ka karkata farantina ba neman izini, ka tokare shi da cokali, mu zuba ido mai yana gangarowa yana taruwa a gefe guda. In ya taru sai ka ce, "Abdu, wanga tabki duk cikinka za shi?" Ka ɓata mini walima ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kai ne kuma ka lura ina yawan matsa ƙeya a majalisa, ka ɗauke ni a babur ba tare da shawara da ni ba, ka kai ni aka auna jinina, ka zauna kusa da ni lokacin da likita ke faɗa mini abin da ba na son ji. Na san mutane da dama da ka yi wa irin wannan jan, wasunsu har yau suna jin haushinka, kuma suna raye.

Tambayarka ta biyu ita ce ta cinye maka sauran rayuwarka. A wata tafiyar aiki, a wata ruga gabas da birni, ka haɗu da wata dattijuwar Bafulatana, Inna Sadiyatu. Idan an yi cuku, akwai ruwan da ke tsiyayewa daga madarar, wanda yawanci zubarwa ake yi ko a ba dabbobi. Ita ba ta zubarwa. Takan ɗiga masa ɗan tsohon tsami daga wata ƙwarya, kamar yadda mata ke yi wa madara don ta zama nono, ya kwana ya yi tsami mai daɗi, gidan duka su sha. Wannan tsohon tsamin shi ne iri. Ta ce daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi, ita ma daga tata. Ka roƙi kaɗan ta ba ka. Ka duba ƙananan halittun da ke cikinsa, ka ga abin da ya hana ka sukuni, ka fara tunanin ko wannan abin sha mai araha zai iya taimaka wa masu hawan jini. Ko zai iya, ka ce. Ba ka taɓa cewa magani ne ba, kuma babu abin da ke tayar maka da rai kamar wani ya kira shi magani. Kullum maganarka ita ce ba a sani ba tukuna, shi ya sa ake bincike.

Iri abu ne mai rai, yana son ci, yana son sanyi. Lokaci-lokaci sai ka dafa sabon ruwan cuku, ya huce, ka ɗiga masa tsohon, ka mayar firiji. Wanda ka ajiye a ɗakin gwaje-gwaje na wurin aikinku ya mutu a bazarar bara, da wuta ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, janareta kuma ba mai. Sai ka sa sola a gidanka, ka sayi firiji na musamman ka ajiye a ɗakinka, ka hana kowa sa ko da ruwan sha a ciki. A Sakkwato, firijin da ba a shan ruwansa! Na yi maka tsiya a kan wannan har na gaji. Daga cikinsa kake haɗa abin shan da kake raba wa mutanen da suka yarda su shiga gwajin, duk masu hawan jini, ni ma ina ciki. Duk mako kowa da kwalbarsa, abokiyar aikinka Dakta Fauziyya kuma tana auna mu. An ci rabin tafiya ke nan ka faɗi.

Yanzu ga abin da ya biyo bayanka.

A zaman makoki, muna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidanka, na ji wani mutum a bayana, wanda ba zan kira sunansa ba don ina ganin girman mahaifinsa, yana cewa, "Kun gani? Shi da ba ya cin mai shi at tahi, mu da muka shan shi ga mu zamne." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wallahi na ji kamar in juya in shaƙe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san maganar nan za ta zagaye gari fiye da duk abin da ka taɓa faɗa a rediyo, kuma ta zagaye. Na ji ta a kasuwa, na ji ta a cikin keke, na ji ta a bakin malamin makaranta ɗan'uwana. Ba wanda ya tambaya ko ciwon na gado ne, ko shekara nawa kulawarka ta ƙara maka. Sun samu abin da suke so su ji.

Washegarin jana'iza, rana ta take, zafi ya kai inda ya kai, sai aka fara fito wa masu gaisuwa da ruwan sanyi daga cikin gida. Aka miƙo mini nawa, na kafa kai na sha rabi, ina sa albarka. Da na sauke sai na ga abin da ke hannuna. Kwalba ce mai faɗin baki, da ɗigon shuɗin fenti a murfinta. Na san fentin nan, a gabana ka shafa shi. Na ɗaga kai na duba rumfar, kusan kowane hannu da irinta.

Namiji ba ya kutsawa cikin gidan da mata ke zaman makoki, ko da abokin maigidan ne. Na tsaya a zaure na aika a kira mini Gwaggo Jummai, ƙanwar mahaifinka, wadda ta karɓi ragamar gidan tun da labari ya iso, kamar yadda manya ke yi. Ta fito idanunta sun kumbura.

Na ce, "Gwaggo, kwalaben ga ina kunka samo su?"

Ta ce, "Cikin firijin ɗakin marigayi. Na ishe shi maƙare da wani ruwa, duk ya yi tsami ya lalace, ga jama'a waje suna hwama da ƙishi. Nas sa anka zubda, anka wanke su tas da sabulu da ruwan zahi. Allah Shi kai mai ladar."

"Duka, Gwaggo?"

"Duka, ɗana. Ko guda ban rage ba. Ai ba a barin ƙazanta gidan rasuwa."

Na dube ta. Matar nan ita ta goye ka lokacin da mahaifiyarka ke jinya, ita ta sayar da tunkiyarta ranar da za ka tafi jami'a. Ta shayar da mutane ne don a rubuta maka lada. Na ce mata Allah Ya karɓa, na koma rumfa na zauna. Har yau ban gaya mata ba, na kuma roƙi kowa kada ya gaya mata. Matarka Mariyatu ta san darajar abin da ke cikin firijin nan, amma tana ɗaki cikin takaba, mata sun kewaye ta. Ta gaya wa maiɗakina cewa warin tsami ta jiyo daga magudanar tsakar gida, ta zabura za ta tashi, wata ta dafa kafaɗarta ta ce mai takaba ba ta shiga hidima, ta zauna ta yi haƙuri. Kafin ta iya haɗa kalmomi a bakinta an gama.

Da yamma na kira Dakta Fauziyya na faɗa mata. Ta ce akwai sauran hanya ɗaya, wato kwalaben da ke hannun mutanen gwaji. Ko ɗigo ne ya rage a gindin kwalba, muddin ba a wanke ba, za ta iya tayar da irin daga nan. Nan take na tuna tawa tana nan ko buɗewa ban yi ba. Da hannunka ka miƙo mini ita ana gobe za ka rasu, da labarin ya zo kuma na kasa sha, na bar ta a firijin gidana ina kallo.

Ta ce, "Malam, ku kawo ta, amma kada ku sa rai da yawa. Kun tuna abin da anka yi muku bayani tun hwarko?"

Na tuna. Abin shan iri biyu ne. Akwai mai rai, akwai wanda aka dafa bayan ya yi tsami, halittun cikinsa suka mutu. Ɗanɗanonsu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Rabin mutane ana ba su wannan, rabi wancan, ƙuri'a ce ke rabawa, don a gane ko halittun ne ke aiki ko kuwa kwanciyar hankalin mai sha ce kawai. Ita mai awo ba ta san wanda ke shan wanne ba, da gangan aka yi haka. Kai kaɗai ka sani, don kai kake zubawa. Na ce mata kada ta damu da tawa. A raina na ce, mutumin da muka tashi tare, wanda ya san halin da zuciyata ke ciki, ai ba zai ba ni matacce ba.

Ta karɓi kwalbar ta ce sai an jira. Don kada a dogara ga guda ɗaya, na shiga bin sauran mutanen gida-gida. A nan ne na gane cewa tarbiyyarmu ta riga ni zuwa ko'ina. A garin nan ba a mayar wa mutum kwanonsa da datti, balle gidan da aka yi rashi, ba a kuma mayar da shi wayam. Duk wanda ya ji rasuwarka, abin da ya fara faɗo masa shi ne akwai kayan marigayi a hannunsa, kuma amana ce. Sun shanye, sun wanke, sun kai. Wasu sun cika da kunun zaƙi, wasu da zoɓo, aka sha a wurin makoki. Wani tsoho maɗinki a Sama Road ya yi mini bayani da alfahari yadda ya sa aka cuɗa tasa da toka da yashi, aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, don kada iyalin Dakta su ce bai san ya kamata ba. Na yi masa godiya. Kowannensu na yi masa godiya, ina fita ina jin kamar in kwanta a ƙasa.

Sai na ce to, a koma tushe, a nemi Inna Sadiyatu. Alhaji Lawwali da kansa ya ce zai kai ni a motarsa, shi da ya yi shekaru yana kiran aikinka wasan yara. Amma Mariyatu ta aiko cewa ba sai mun yi nisa ba, matar tana nan bayan gari. Ashe 'yan bindiga sun daɗe da kore shanunsu, rugar ta watse, ita da jikokinta suna raɓe a wani kangon da ba a gama ginawa ba. Ashe kuma duk wata kana kai mata hatsi, ba ka taɓa faɗa mini ba. Mun same ta zaune a inuwar bango. Ba ta ji rasuwarka ba sai daga bakinmu. Ta yi kuka irin na wadda ta riga ta yi kuka da yawa, ba sauti. Da ta natsu na tambaye ta iri.

Ta ce, "Wane iri, ɗana? Shanu sun tahi, ƙwarya ta bushe. Iri ba ya zama inda babu madara." Ta share fuska, ta ce, "Amma Dakta ya ce kada in damu, nawa yana wurinshi, yana aje mini. Ya ce randa Allah Ya mayar mini ko da saniya guda, zai kawo mini abina."

Alhaji Lawwali ya juya ya fuskanci bango. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce mata akwai sauran kwalba ɗaya, ana dubawa, in sha Allahu zan dawo mata da shi da hannuna. Ta sa mini albarka, ta nuna mini wata ƙwarya a kife bisa buhu, ta ce ita kaɗai ta ɗauko ranar gudu.

Ba a daɗe ba Dakta Fauziyya ta kira ni ɗakin gwaje-gwaje. Tun daga yadda ta gaishe ni na sha jinin jikina. Ta nuna mini ruwan cukun da ta dafa ta ɗiga wa nawa, yana nan yadda ta zuba shi, bai yi tsami ba, bai motsa ba. Ta ce ta sake gwadawa, ta kuma sake. Ta ce in leƙa madubin da suke ganin ƙananan halittu, na leƙa, ban san abin da nake nema ba. Ta ce, "Malam, ku yi haƙuri. Babu mai rai ciki. Kwalbarku tana cikin waɗanda anka dahwa."

Sirajo, na yi fushi da kai. Ina faɗa a fili, na yi fushi da mamaci, Allah Ya yafe mini. Watanni ina zuwa gidanka ina ce maka abin nan naka yana aiki, ciwon kai ya bar ni, ina barci kamar jariri. Na cika majalisa da labarinsa. Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ce, "Alhamdu lillahi. To ƙwayoyin asibiti hwa, Abdu? Kada ka kuskura ka aje su." Duk mako sai ka maimaita, har na riƙa ce maka ka cika naci kamar tsohuwa. Ashe ka san abin da kake zuba mini. Ka san ruwa ne mai tsami kawai, ka san in na saki maganin likita ba abin da ke riƙe da ni. Ranar da aka yi ƙuri'ar na taɓa ka na ce ka dai san inda za ka sa ni, ka yi dariya ka ce, "Ƙuri'a ta, Abdu, ba ni na ba." Na ɗauka maganar gaban mutane ce. A garin da ake neman alfarma ko a layin awon jini, wa zai zaci abokinsa na ƙuruciya zai bar shi inda ƙuri'a ta jefa shi?

Fushin bai daɗe ba, abin da ya maye gurbinsa ne ya fi nauyi. Na gane me ya ci maka duk mako, ka cika kwalbar nan, ka rufe, ka miƙo wa mutumin da kake tsoron ya faɗi kamar yadda mahaifinka ya faɗi, ka saurare shi yana yi maka godiya, ka yi shiru. Ka yi haka ne don amsar da za a samu ta zama gaskiya, ta amfani Hafsatu mai ƙosai da tsohon maɗinki da waɗanda ba su da aboki Dakta. Ban san wani a cikinmu da zai iya ba. Amma ga abin da na kasa warwarewa: da ka yi mini alfarmar nan sau ɗaya, da ka karkace kamar yadda kowa ke karkacewa, da yau irin yana raye. Na juya wannan magana ta kowace fuska, ban samu inda zan ajiye ta ba.

Dakta Fauziyya ta ce gwajin ya tsaya. Awon da aka yi bai kai a ce komai ba, ko e ko a'a, kuma ba za a iya ci gaba da wani irin daban a ce shi ne ba. Ita ma ta samu gurbi a wata ƙasa, ban ga laifinta ba. Masu suya suna nan, kaskonsu yana nan, mai ya ƙara tsada, don haka ya ƙara baƙi. Ko masar da aka soya ta sadakarka, na ga man da aka yi ta da shi, na kau da kai. Mutane za su ci gaba da dafe ƙirji suna zama, a ce ajali, a yi gaskiya, a tashi. Ina so in rubuta cewa wani zai taso ya ɗora daga inda ka tsaya, haka ake rubutawa a irin wannan wuri. Na duba hagu da dama ban gan shi ba, kai kuma ba ka son a faɗi abin da ba a tabbatar ba.

Abin da ya rage mini shi ne addu'a, ita kam ba ta bukatar wuta ko firiji. Ya Allah, ga bawanka Sirajo ɗan Hayatu ya zo maka. Ka san abin da ya nufa, Ka san abin da ya ɓoye na alheri, Ka san amanar da ya riƙe lokacin da sakinta ya fi sauƙi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka ba shi ladar aikin da ya fara kamar ya kammala shi. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mariyatu da 'ya'yansu, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Ga Alhaji Lawwali da dukan gidan Alhaji Hayatu, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Ga Gwaggo Jummai, Allah Ya karɓi ruwan da kika shayar, Ya sa shi a mizaninsa da naki. Ga Dakta Fauziyya da ɗalibansa da mutanen Unguwar Rogo baki ɗaya, Allah Ya ba mu dangana.

Saura Inna Sadiyatu. Jiya ta aiko a gaya mini wani ɗan'uwansu ya ba ta aron saniya mai shayarwa, ta wanke ƙwaryarta, tana jirana. Ita kaɗai ce har yau na kasa komawa in yi wa ta'aziyyar irinta.

Abdulrazak Mustapha
Unguwar Rogo, Sakkwato